Injin folish na mota: yadda ake sarrafa shi ba a ƙona fenti ba

Tambaya: Ina da wurin wankin mota, kuma masu motoci sun dame ni da tambayar ko ina yin folish. Ina da giranda ta yankan ƙarfe a ajiye. Wani ya ce in kwance dutsen in ɗaura mata soso, wai aikinsu ɗaya da injin folish. Haka ne? In ba haka ba ne, wane inji zan saya, kuma yaya zan yi aiki da shi ban ɓata wa mutane fenti ba, ban kuma ji wa kaina ciwo ba?

Amsa: Malam, kada ka ɗaura soso a kan giranda. Wanda ya ba ka shawarar nan siffa ya duba, don injinan biyu sun yi kama, har zaren bakin da ake murɗa faifai a kai yawanci iri ɗaya ne, M14, shi ya sa faifan wannan ke hawa kan wancan ba gardama. Amma kama da wane ba ta wane. Ƙaramar giranda mai dutsen milimita 115 tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, babbar mai dutsen milimita 230 wajen sau 6,500, kuma yawancinsu ba su da wurin rage gudu. Injin folish daga wajen juyi 600 yake tashi, ya ƙure a 3,000 ko sama kaɗan, aikin fenti kuwa kusan dukansa tsakanin 900 da 1,800 ake yin sa. Soso mai faɗin milimita 180 da ke juyi 1,500 a minti, bakinsa na gudun wajen kilomita 50 a awa. Ka kai wannan soson juyi 11,000, bakinsa ya haura kilomita 370 a awa. A wannan gudun, kafin ka ƙifta ido ya cinye fenti, kuma ba a yi soson da faifansa don su jure haka ba. Ko dai ya ɓalle ya tashi sama, ko ya yage ya watso maka a fuska, ga shi sai ka cire murfin kariyar girandar kafin ya shiga. Duk faifai na kirki an rubuta iyakar juyinsa a jikinsa, kuma gudun inji ba ya halatta ya wuce wannan lamba.

Kafin maganar wane inji, ka fara sanin abin da folish yake yi, don yawancin ɓarnar daga rashin sanin nan take fitowa. Folish ba shafa wa mota ƙyalli ba ne, kankare ta ake yi. Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani hawa-hawa ne: firama a ƙasa, sai launi, sai kiliya a sama, wato fentin nan marar launi mai kamar gilashi da ke ba da sheƙi, yake kuma tare wa launin zafin rana. In an haɗa su duka, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 150, kaurin takardar fotokofi guda ke nan ko ya ɗara kaɗan. Kiliya ita kaɗai maikiron 35 zuwa 50 ce, da ƙyar ta kai rabin takardar. Karce-karcen da kake gani kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta bugi bonet, ƙananan tsagogi ne a cikin wannan kiliyar. Inji ba cike su yake yi ba, sauke abin da ke kewaye da su yake yi har ya zo daidai da gindinsu. Abin da aka sauke kuwa ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. A ranar ƙasarmu da ke haura ma'auni 40 a watan Afrilu, motar da aka cinye mata kiliya ba ta daɗewa take fara koɗewa tana saɓa a rufi da bonet. Saboda haka gwanin folish shi ne wanda ya sami sheƙi da cire mafi ƙarancin fenti.

Injinan iri biyu ne. Na farko shi ne rotari, mai juyi zalla a kan sanda ɗaya kamar fanka, shi ne za ka fi gani a hannun masu fenti. Yana da ƙarfi, yana cire karce da wuri, amma duk zafinsa wuri ɗaya yake tarawa, kuma ko ka danne shi a kan tsini ba zai tsaya ba. Na biyu shi ne wanda ake rubuta DA a kwalinsa. Shi yana juyi yana kuma rawa a ɗan da'ira mai faɗin milimita 8, 15 ko 21, ta yadda soson ba ya bin sawu ɗaya sau biyu a jere. In ka matsa masa da yawa ko ka karkata shi, juyin tsayawa yake yi sai rawar kaɗai ta rage, wannan kuwa shi ke ceton fentin ɗan koyo. Ya fi rotari cin lokaci, kuma yana girgiza hannu. A ganina, tunda motocin mutane za ka taɓa kuma ba ka riƙe inji a baya ba, DA mai faifan milimita 125 ya kamata ka fara da shi. Yawancin abin da ake kawowa wurin wanki, wato dusashewa da sawun tsumma, yana iya musu. In rotari kaɗai ka samu, to ka sauke masa babban faifan milimita 180 da yakan zo da shi, ka sa na 125 ko 150. Ƙaramin faifai gudun bakinsa kaɗan ne, zafinsa kaɗan, kuma ba ya fizgar hannu sosai.

Wurin saye, ka juya injin ka karanta ɗan allon da ke jikinsa. Wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 110 zuwa 120. Injin kwance da aka shigo da shi daga Amurka, in ka soka shi kai tsaye, ihu ɗaya zai yi ya yi hayaƙi, kuma zaren bakinsa ma daban ne da M14, faifan kasuwarmu ba zai hau ba. Ka tabbata yana da ɗan ƙarfen ko robar murzawa mai lambobi na rage gudu, ka kunna shi a gaban mai shago ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ka ji ko da gaske gudun na canzawa. Wanda yake tashi a hankali idan an danna makunni ya fi wanda ke zabura. Ka nemi alamar murabba'i a cikin murabba'i, tana nufin an rufe wutar cikinsa ninki biyu.

Wurin sana'arka wurin ruwa ne, don haka maganar wuta ta fi komai muhimmanci a wajenka. Kada ka yi folish a inda ka wanke motar. Ka matsar da ita busasshen wuri, ko ka jira daɓen ya bushe ƙarau, ka kuma sa takalmi rufaffe mai tafin roba, ba silifas ba, balle ƙafa ba takalmi. Rotari mai wat 1,200 yana jan amfiya biyar da ɗoriya. Wayar da za ta kai masa wuta ta zama mai kaurin murabba'in milimita 1.5 in tsawonta bai wuce mita 20 ba, in ya wuce a sa mai 2.5, kuma ta jan ƙarfe ta gaske. In a naɗe take a kan gargare, a warware ta duka, don wayar da ke naɗe tana ɗaukar zafi har robarta ta narke. Haɗin da aka murɗa aka ɗaure da leda, da tsirarar waya da aka cusa a soket aka tokare da tsinken ashana, su ne ke kashe mutane a irin wannan wuri. A sa fulogi na sosai. Sannan ka sa mai wayarin ya ɗaura maka na'urar nan da suke kira RCD mai miliamfiya 30 a layin da za ka riƙa aiki. Fis na amfiya 13 waya yake karewa, ba mutum ba, don wutar da ke rikita bugun zuciya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai ƙona fis ba. Ita RCD da zarar ta ji wuta ta zurare ta bi wata hanya sai ta yanke nan take. Tana da maɓallin gwaji, ka riƙa danna shi kafin fara aiki. In kuwa Allah ya kawo tsautsayi wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu, a kashe wutar daga tushe tukuna.

Akwai haɗari ɗaya da ya fi shafar mu saboda yanayin wutarmu. Yawancin injinan suna da ɗan maɓalli a gefen makunni da ke kulle shi a kunne, don kada yatsa ya gaji. Kana cikin aiki sai a ɗauke wuta, ka ajiye injin a kan but ko a ƙasa ka tafi tayar da janareta, ka manta makunnin a kulle yake. Wuta na dawowa sai injin ya tashi shi kaɗai, ya yi tsalle a kan motar ya karce ta, ko ya naɗe wayarsa, ko ya sami ƙafar yaron da ke kusa. Da an ɗauke wuta, ka saki makullin ka zare fulogi kafin ka taka ko'ina. Haka in za ka canza soso ko faifai, zare fulogi, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Janareta kuma, ƙaramin nan na shago bai kai wat 1,000 ba, ba zai ja rotari ba, zai riƙa shaƙewa ne wutar tana faɗuwa, injin yana zafi. Ka nemi mai wat 2,000 ko sama, ka bar shi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma ajiye shi a fili nesa da rumfa saboda hayaƙinsa na kisa ba wari. Injin folish da kansa yana tartsatsi a ciki, don haka jarkar fetur da gwangwanin tina, wato ruwan sirka fenti, a nesanta su.

Sai tufafi. Duk abin da ke reto, injin zai iya kamawa, kuma in ya kama ba ya saki sai ya naɗe. Babbar riga, jallabiya, kaftani mai faɗin hannu, jelar rawani, carbi a wuya ko a hannu, igiyar wando da ta leƙo, wayar sauraro da ke rataye a kunne, duk a cire. Mace in za ta yi aikin, ta sa ƙaramin hijabi ta cusa shi cikin riga. Agogo, zobe da kan bel su ma a cire, ko don kada su karce ƙofa. Safar hannu in za a sa, ta zama mai kama hannu tsam, sakakkiya ta fi rashinta haɗari. Tabarau na kariya dole ne, don man gurza yana fantsama kuma akwai ɓarɓashi mai kaifi a cikinsa. In ya shiga ido kada a murza, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti goma sha biyar. Takunkumi mai tace ƙura irin N95 yana da amfani musamman da soson ulu, wanda sabonsa ke zubar da gashi. Ƙarar injin tana kaiwa desibel 85 ko fiye, iyakar da in mutum ya wuni a cikinta kullum jinsa ke raguwa, toshen kunne kuwa ba shi da tsada. In ka ji yatsunka sun yi sanyi ko suna tsikari bayan aiki, girgiza ce ta yi yawa, ka riƙa hutawa tsakanin fanel da fanel, wato ɓangarorin jikin mota kamar ƙofa ko bonet, ka daina damƙe injin kamar zai gudu.

Rabin aikin folish wanki ne. Ƙurar ƙasarmu, balle ta hunturu, cike take da ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale a soso, za ta zana maka da'irori a duk inda ka bi. Ka wanke motar sosai har cikin tsagogin ƙofa da gindin gilashi, ka cire ɗigon kwalta da ɗan kananzir a tsumma sannan ka sake wanke wurin da sabulu. Bayan ta bushe, ka sa hannunka cikin siririyar farar leda ka shafa bonet. In ka ji ƙurzunu-ƙurzunu kamar gero, datti ne da ya nutse a fentin, wanki ba ya cire shi. Akwai dunƙulen goge fenti mai laushi kamar cingam da masu kayan fenti ke sayarwa, ana bi da shi a hankali a kan ruwan sabulu har wurin ya yi sumul. In ya faɗi ƙasa, a jefar. A inuwa ake aikin, a kan ƙarfe mai sanyi. Baƙar mota da ta yini a rana jikinta na iya haura ma'auni 70, man zai bushe tun kafin ya yi aiki. Ranar da iska ke tashi da ƙura, ka yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da rumfar, nesa da waya, ka kuma sake share kowane fanel dab da za ka hau shi.

Gwaji uku za ka yi a gaban mai motar kafin ka karɓi aikin. Na farko, ka ja farcenka a kan karcen. In farce ya maƙale, karcen ya yi zurfi, ana iya dusashe bakinsa amma ba a fitar da shi. In kana hango fari ko toka a gindinsa, ya kai firama, wannan aikin mai fenti ne. Masu koyo da yawa a nan suke faɗawa, su nace sai sun ga bayan karce ɗaya, garin neman gira a rasa ido. Na biyu, ka ɗiga ɗan man folish a farin tsumma ka murza a ɓoyayyen wuri. In tsumman ya fito fari, motar na da kiliya, kuma daga nan duk lokacin da ka ga launin motar a jikin sosonka, ka riga ka huda, ka tsaya. In tsumman ya ɗauko launi tun a gwaji, fenti ne marar kiliya, irin wanda ake yawan fesa wa motocin haya da Keke Napep, shi kam dama soso zai rine, sai dai a yawaita share shi. Na uku, ka duba rufi da bonet. In kiliyar ta yi fari-fari tana ɓarewa kamar saɓar maciji, ta mutu, inji ƙara ɓare ta zai yi. Ka kuma tambaya ko an taɓa sake fentin wani wuri, da yaushe. Fentin gareji kaurinsa ba ya daidaita, wani wuri jibge wani wuri shara-shara, kuma sabon fenti da bai gama ƙanƙamewa ba yana da laushi ƙwarai.

Soso iri-iri ne. Na ulu ya fi kowanne ci, sai na katifa mai tauri, sai matsakaici, sai mai laushi na gamawa. Kada ka dogara da launi, don kowane kamfani da nasa tsarin, ruwan lemon wannan ba shi ne ruwan lemon wancan ba. Ka matsa da yatsa ka ji, ka karanta ledarsa. Man ma haka: akwai man gurza, wanda masu fenti ke kira kamfawun, akwai man folish mai laushi. Kakin da ake shafawa a ƙarshe ba ya gurzar komai, kariya ce kawai. A kullum da mai sauƙi ake farawa. Ka keɓe ɗan fili a bonet, ka gwada matsakaicin soso da man folish. In ya biya buƙata, shi ke nan, haka za ka bi motar duka. In bai biya ba, sannan ka hau mataki ɗaya. Soson ya ɗara faifai faɗi da kaɗan don bakin faifan kada ya taɓa fenti, kuma a manna shi a tsakiya daidai. In ya karkace, injin zai riƙa ɓari yana tsalle. Kowane mai da nasa soson, ba a gama aiki da soson da ya sha kamfawun.

Yanzu riƙon kansa. Ka bi da tef ɗin takarda na masu fenti ka rufe robobin gilashi, baƙar robar da ba fenti, tambarin mota, bakin fitilu da kan feshin ruwan gilashi. Eriya in tana kwancewa a kwance ta, waifa a ɗage ta ko a naɗe ta da tsumma, don soson ulu in ya cafke su zai murɗe maka wuyan hannu. Ka rataya wayar injin ta bayan kafaɗarka. Ka tsaya ƙafa a ware, hannu biyu a kan inji, gwiwar hannu kusa da jiki. Fili kaɗan ake ɗauka, kamar santimita 50 a kan 50. Ka ɗiga mai guda huɗu kamar ƙwayar gyaɗa a kan soson, in sabo ne ka fara murza masa ɗan mai da yatsa ya jiƙa fuskarsa. Ka dangwala shi wuri huɗu ko biyar a filin, ka kwantar da soson a kan fenti, sannan ka kunna a lamba mafi ƙasa. Wanda ya kunna a iska, bango da rigarsa da gilashin motar ne za su sha man. Zagaye ɗaya a ƙaramin gudu don baza mai, sai ka ɗaga zuwa juyi 1,200 ko 1,500 a rotari, a DA kuma lamba 4 ko 5 cikin 6. Hannu ya riƙa tafiya a hankali, kamar faɗin yatsu biyu a daƙiƙa, amma kada ya tsaya ko sau ɗaya. Ka tafi daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, sannan ka sake bi daga sama zuwa ƙasa. Nauyin rotari wajen kilo 3 ne, a kan bonet wannan nauyin da ɗan dannawa kaɗan ya isa. Bayan bi uku ko huɗu za ka ga man ya tashi daga fari ya koma kamar siririn maiƙo da ake hango fenti ta cikinsa. Aikinsa ya ƙare ke nan. Ka rage gudu zuwa wajen 900, ka sassauta hannu ka yi bi ɗaya, ka saki makunni soson na kan fenti hannunka na tafiya, sai ya tsaya ka ɗaga. In za ka ajiye, ka kwantar da shi a bayansa soson na kallon sama.

Ka lura da yadda rotari ke jan hannu. Muddin soson a kwance yake ɗam, injin zai yi ta shawagi ba wahala. Da ka ɗan karkata, sai ka ji ya ja gefe guda. Kada ka yi kokawa da shi, ka daidaita kwanciyarsa ne jan zai daina. Karkatawar nan kuma ita ce ke tara duk ƙarfin injin a ɗan bakin soso.

Gefuna da tsinin jiki su ne inda ake ƙona fenti. Lokacin feshi, fenti yana janyewa daga kan tsini, don haka a bakin ƙofa, bakin bonet, bakin murfin tanki da layukan ado na jikin mota ya fi ko'ina siranta, ga shi nauyin soso duka a kan ɗan layin yake sauka. Ka manna siririn tef a kansu, abin da ya rage ka gama da hannu. In dole ka kusanci baki, ka duba kibiyar da ke kan injin mai nuna inda yake juyawa, ka tsaya ta yadda ɓangaren soson da ke taɓa bakin zai zama yana fita daga kan ƙarfen zuwa waje. In yana shigowa daga waje ya ci karo da bakin, zai cafke shi, ya yage soson, ya ɗauke fentin, ya kuma harbo maka injin. Bayan kowane fili, ka ɗora bayan hannunka. Ɗumi ba laifi, amma in ba ka iya barin hannun a wurin, ka wuce gona da iri, ka koma wani fanel ka bar wannan ya huce. Bamba da madubin gefe roba ne, roba kuwa ba ta watsa zafi kamar ƙarfe, tara shi take a wuri ɗaya har fentin ya yi laushi ya tattare kamar fatar madara. A kansu ƙaramin soso na milimita 75 ake sawa, gudu ƙasa da 1,000, bi biyu a taɓa a ji.

In ka fito da mota rana ka ga wasu layuka masu walƙiya suna bin ka duk inda ka matsa, sawun rotari ne. Soson ulu da kamfawun kusan kullum suna barin sa, haka karkata soso da saurin hannu. Maganinsa bi na biyu da soso mai laushi da man folish a ƙaramin gudu. Wasu kaki suke laftawa su rufe shi, wanki biyu sai ya dawo, mai mota kuma ya dawo da faɗa. In injin na tsalle yana ƙara, ko dai soson ya cushe da busasshen mai, ko ba a tsakiya yake ba. In man na zama gari yana tashi, fanel ya yi zafi ko ka wuce lokacinsa. In yana dunƙulewa yana manne wa fenti, ka zuba da yawa. Bayan kowane fili ka kashe injin ka share fuskar soson da burushi mai laushi, kuma mota ɗaya tana buƙatar soso uku ko huɗu a riƙa musanyawa, don wanda ya jiƙe ya yi zafi ba ya ci, mannensa ma sakewa yake yi.

Tsumman share mai ya zama mai laushi irin maikirofaiba, wankakke, wanda bai taɓa ƙasa ba. Maiƙon da ke cikin man folish yana ɓoye karce, don haka ka fesa sifirit da aka sirka da ruwa, kashi ɗaya cikin biyar, ka share, sannan ka haska da tocilan daga gefe. Abin da ka gani a nan shi ne gaskiyar aikinka. Daga nan sai kaki, siriri, da hannu ko da DA a ƙaramin gudu. Motar da aka yi wa sabon fenti ba a sa mata kaki sai ta yi wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin fentin. Kuma ka gaya wa masu motoci cewa gurza mai ƙarfi ba abin yi duk wata ba ne, sau kaɗan mota ke iya ɗaukarsa a rayuwarta.

Shi injin, ƙura ce ajalinsa. Ka riƙa hure ramukan shan iskarsa kullum bayan aiki, kada kuma tafin hannunka ya toshe su lokacin riƙo. In ka ga tartsatsi ya yawaita ta ramukan, ko yana yankewa yana dawowa, ko ƙarfinsa ya ragu, kabon ne ya cinye, wato ɗan baƙin gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa a cikin injin. Guda biyu ne, kuma tare ake canza su, da irin lambarsu. In aka bar su suka ƙare, amecha za su ci, wato shi ɓangaren mai juyawar, kuɗin gyaranta kuwa ya kusa na sabon inji. Warin ƙuna in ya taso, ka kashe nan take. Ka yawaita duba wayar a daidai inda ta shiga jikin injin, nan take fara karyewa saboda lanƙwasa. Soso a wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a matse ba a murɗe ba, a shanya a inuwa, a ajiye cikin leda.

Kada motar kwastoma ta zama wurin koyonka. Ka je wurin masu kayan kwance, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka sayi tsohon bonet mai duhun launi da kiliyarsa ke da rai. Ka ɗora shi a kan benci ka ɗaure, ka raba shi gida-gida da tef, ka karce wani gidan da samfefa mai lamba 2,000 da ruwa, ka koyi fitar da sawunta. In hannunka ya fara faɗawa, ka zaɓi tsini ɗaya ka karkata soson ulu a kansa a juyi 2,000 da gangan, kana ƙirga daƙiƙoƙi har firama ta leƙo. Ka riƙe wannan adadin a ka, ka kuma taɓa wurin da bayan hannu ka ji irin zafin da ya yi.